Riƙon jam'iyya ba gaba ba ne

Yau karatunmu bisa jam'iyya yake.

Wata rana cikin aji wani dattijo ya ce mini: "Malam, bar maganar jam'iyya. Ita ta raba ni da ƙanena. Ita ta sa anka bar gayya garinmu." Ban yi mishi gardama ba, don abin da ya faɗi ya auku, kuma ba garinsu kaɗai ba. Amma na tambaye shi: "Baba, in wuƙa ta yanke ka, wuƙar za ka jefa rijiya, ko riƙonta za ka gyara?" Ya yi dariya, ya ce sai ya yi tunani. To, mu ma mu yi tunanin tare.

Mi ake nufi da jam'iyya?

Jam'iyya taron mutane ne da ra'ayinsu ya zo ɗaya bisa yadda za a tafi da ƙasa. Wasu suna ce mata parti. Tana da suna, da alama, da launi, da shugabanni. Tana tsaida ɗan takara, ta nemi ƙuri'ar jama'a. In ta ci zaɓe, ta riƙe mulki. In ta faɗi, ta koma adawa.

Adawa ba ƙiyayya ba ce. Ɗan adawa shi ne wanda ya tsaya gefe yana kallon mai aiki, yana ce mishi: "Nan ka yi daidai, nan ka karkace." Mai gina rumbu daga ciki yake, ba ya ganin inda bango ya kauce. Na waje ke gani.

Dubi sunayen da jam'iyyun Nijar sunka ɗauka: Sawaba, Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, Jama'a, Lumana, Amana, Gaskiya. Duka kalmomi ne na bakinmu, kuma duka na alheri. Babu wadda ta ce sunanta Gaba ko Rigima. Ashe in anka ga gaba, daga masu riƙo ta fito.

Jam'iyyun farko

Siyasa ba baƙuwa ba ce ƙasar Kurfai. Tun babu jam'iyya, mutane na da abin da ke cin ransu. Wajen 1925, zamanin Nasara, wata mata ta Cikal mai suna Shibo ta tara mabiya, waɗanda ake kira ƴan Hauka ko Babule. Sunka ƙi bin umurnin sarki da na kumandan. Anka kama da dama daga cikinsu, anka rufe su Yamai. Wancan lokaci talaka ba shi da ƙuri'a, ba shi da wakili. Ruwan da anka toshe ma hanya, sai ya nemi tashi hanya.

A 1946 anka kafa jam'iyyar PPN-RDA, ta su Jori Hamani da Bubu Hama. Daga baya Jibo Bakari ya ware, ya ja tashi ƙungiya, wadda ta zama Sawaba. Makwabtanmu na Kano su ma sun yi irin haka: a 1950 anka kafa NEPU, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, tana ja da NPC ta su Sardauna.

Ran 28 ga Satumba 1958 Faransa ta tambayi mutanen Nijar: ku zamna tare da mu, i ko a'a? Sawaba ta ce a'a, a ba mu ƴanci yanzu. RDA ta ce i, mu bi sannu. Hukumar Nasara da sarakuna da yawa sunka goyi bayan i, kuma i ta yi rinjaye. A 1959 anka hana Sawaba. Ran 3 ga Agusta 1960 da Nijar ta samu mulkin kai, jam'iyya guda ta rage cikin ƙasa.

Sa'adda jam'iyya ta zama guda

Wani zai ce: to, ai an huta, babu sauran gardama. Mu duba mu gani ko an huta.

Ƴan Sawaba da anka rufe ma baki ba su ɓace ba. Wasu sunka gudu ƙasashen waje. A 1964 sunka dawo da bindigogi, anka murƙushe su, anka kashe wasu, anka cika gidajen kaso da wasu. A 1965 anka jefa ma Jori gurneti filin Idi, Allah ya tsare shi. Gardamar da za a yi da baki cikin majalisa, sai anka yi ta da jini.

Daga nan fari ya zo. Tsofaffinmu ba su manta 1973 ba: bisashe sunka mutu, rumbuna sunka ƙare, mutane sunka bar garuruwa. Wancan lokaci kujerun majalisar dokoki duka na jam'iyya guda ne. Wa zai tashi ya ce: "Ina hatsin taimako ya shiga? Mi ya sa bai kai ga talaka ba?" Duk wanda ke zamne ciki, shugaban jam'iyya ya sa sunanshi. Ba a cizon hannun da ke ba ka tuwo. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja sunka kifar da gwamnati, kuma maganar yunwa na cikin dalilan da sunka faɗi. Wanda ya hau shi ne Saini Kunce, ɗan Fandu, nan Tandikandiya, kusa da mu.

Kunce ya rushe majalisa, ya hana jam'iyya. Ya tada samariya da ƙungiyoyin manoma. Mutane da yawa na tuna shi da tsare dukiyar ƙasa da riƙon ma'aikata da ƙarfi. Amma suna tuna tsoro kuma. Mutum kan duba dama da hauni kafin ya yi magana. Kunce ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1987, Ali Shaibu ya gaje shi. A 1989 anka kafa MNSD, ita kaɗai kuma.

Yadda jam'iyyu sunka dawo

Ba kyauta anka ba mu su ba. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai sunka yi zanga-zanga Yamai, anka harbe su bisa gadar Kennedy, wasu sunka mutu. Ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki. Kafin ƙarshen shekarar, Ali Shaibu ya yarda a yi jam'iyyu da yawa. Ran 13 ga Mayu 1991 mata sunka fito sunka ce ba a shirya babban taron ƙasa ban da su. Shi ya sa 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar.

Babban taron ƙasa ya zamna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, bisa jagorancin Farfesa Andire Salifu. Anka yi sabon tsarin mulki a Disamba 1992. A 1993 anka yi zaɓe. Majalisa na da kujera 83. MNSD-Nasara ta samu 29, ta fi kowace jam'iyya. Amma CDS-Rahama da PNDS-Tarayya da ANDP-Zaman Lahiya da wasu ƙanana sunka haɗa kai, sunka tara 50. A watan Maris Mahamman Usmanu ya kada Tanja Mamadu, ya zama shugaban ƙasa. Talaka ya ga abin da bai taɓa gani ba: ƴar takardar da ya jefa akwati ta canza mai mulki.

Amfanin jam'iyya guda huɗu

Na farko, jam'iyya tana tara muryar ƙanana. Kai kaɗai in ka tafi Yamai neman famfo ko ɗakin haihuwa, wa zai saurare ka? Amma in ƙuri'ar garuruwa goma na bayanka, za a ba ka kujera ka zamna. Tsintsiya ɗaure take shara.

Na biyu, tana nuna maka wanda za ka tuhuma. In mai mulki ya yi alkawalin gyara hanyar Filinge zuwa Yamai bai yi ba, ka san sunan jam'iyyarshi, ka san launinta. Zaɓe mai zuwa sai ka juya mata baya. Wanda ya ce shi ba na kowa ba ne, in ya ci amana, gun wa za ka bi bashinka?

Na uku, adawa tana tsare dukiyar jama'a. Ba don ƴan adawa sun fi kowa tsoron Allah ba. A'a, don suna son kujerar ne, shi ya sa idonsu ke bisa mai riƙe da ita. Kwaɗayinsu ya zama gadinmu. Tuna 2009, sa'adda Tanja ya nemi tazarce bayan wa'adinshi biyu. Ya rushe majalisa, ya rushe kotun tsarin mulki da ta ce mishi a'a. Jam'iyyun adawa da ƙungiyoyi sunka fito titi. Mumuni Adamu Zarmakwai, shugaban Zaman Lahiya, wurin irin wannan gangami ciwo ya kama shi, ya rasu a watan Yuni na shekarar.

Na huɗu, jam'iyya lakwal ce. Cikinta mutum ke koyon magana gaban jama'a, da riƙon littafin kuɗi, da rubuta abin da anka yanke a taro. A 2004 anka yi zaɓen ƙananan hukumomi cikin ƙasa duka. Manoma da makiyaya da ƴan kasuwa sunka zama kansiloli Filinge da Cikal da Bankuku da Damana. Doka ta 2000 ta tilasta ma jam'iyyu su ba mata kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe. A 2014 anka kai shi 15, a 2019 anka kai shi 25. Ta wannan ƙofa mata da yawa sunka shiga majalisa.

Inda abin ke ɓaci

Yanzu mu koma ga maganar dattijon nan, don tana da gaskiya.

A 1993 ni yaro ne. Babana yana wata jam'iyya, ƙanenshi yana wata. Da can akushi guda suke ci. Da kamfe ya yi zafi, sai baffana ya bar shigowa gidanmu. Anka hana mu wasa da ɗiyanshi. Damana ta faɗi, kowa ya yi nomanshi shi kaɗai, gonar kakanmu ta sha haki. Sai da kakarmu ta kwanta ciwon ajali, ta kira su biyu, ta ce: "Waɗanda kuke faɗa dominsu, wane ne cikinsu zai zo ya ɗauki gawata?" Babu wanda ya amsa. Abin da ya fi ba ni mamaki daga baya shi ne, manyan da sunka yi faɗan dominsu sun yi ƙawance sun rabu, sun sake ƙawance. Su suna shan shayi tare Yamai, mu muna gaba ƙauye.

Can sama ma gaba ta yi ɓarna. A 1994 Tarayya ta fita daga ƙawancen masu mulki. Anka sake zaɓen majalisa a Janairu 1995, adawa ta yi rinjaye, Hama Amadu ya zama firaminista. Shugaban ƙasa na gefe guda, firaminista na gefe guda. Wannan ya ce a zamna taron ministoci, wancan ya ƙi. Aikin ƙasa ya tsaya, ma'aikata na bin bashin albashi. Ran 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki. Giwaye biyu sunka yi faɗa har wani ya ɗauke tabkin.

Wannan cuta ita ce rabuwar gari biyu. Alamarta a fili take. Mutum ya bar tambayar "mi anka faɗi?", sai "wa ya faɗi?" In namu ya yi sata, a ce ƙazafi ne. In nasu ya gina asibiti, a ce ba ta da kyau. A raba hatsin taimako da katin jam'iyya. A ɗauke malamin lakwal a jefa shi nesa don launin hularshi. Mafi muni, a mai da jam'iyya ta ƙabila ko ta yanki, alhali tsarin mulkin 1992 da na 2010 duka sun hana haka.

Kuma ba cutar matalauta ba ce kaɗai. Amurka na da manyan jam'iyyu 2, ta daɗe tana zaɓe. Amma ran 6 ga Janairu 2021 magoya bayan Donald Trump, da ya faɗi zaɓe, sunka afka ma majalisar ƙasarsu. Kodebuwa, inda ƴan ci-raninmu ke zuwa, anka yi zaɓe a 2010. Loran Bagbo da Alasan Watara kowa ya ce shi ya ci. Kimanin mutum 3,000 sunka mutu, baƙi da yawa sunka baro dukiyarsu sunka gudo. Nan gida ma, bayan zaɓen Fabrairu 2021 tsakanin Bazum Mohamed da Mahamman Usmanu, anka yi ƙone-ƙone Yamai, anka rasa rayuka. Yau ga wayar salula: ƙarya guda ta WhatsApp kan kai Abala da Sanam kafin mai gaskiya ya ɗaura ma jakinshi kaya.

Darasin Gana da na filin kokowa

To, akwai inda anka iya? Akwai. Iyayenmu sun san Gana, sun yi ci-rani Kumasi da Ankara. Can ma manyan jam'iyyu 2 ne, NDC da NPP, kuma ba su raga ma juna. A zaɓen 2008 ƙuri'a wajen miliyan 9 anka jefa, tazarar ba ta wuce kimanin 40,000 ba. Nana Akufo-Addo, wanda jam'iyyarshi ke mulki, ya amshi kaye. Ya sake faɗuwa a 2012, ya kai ƙara kotu, kotu ba ta ba shi gaskiya ba, ya haƙura. A 2016 ya ci. Da ya tada wuta a 2008, wace ƙasa zai mulka a 2016?

Ba sai mun je nesa ba. Dubi kokowar takobi da ake yi Nijar tun 1975. Kowace jiha na bayan ƴan kokowarta. Ana kiɗa, ana kirari, ana ba'a. Ba wanda ke cewa ɗan Tilaberi ya bar goyon bayan Tilaberi, ai goyon bayan ne daɗin wasan. Amma akwai fili, akwai doka, akwai alƙali. Wanda anka kada ya tashi ya kakkaɓe ƙasa, ya rungumi wanda ya kada shi, don ya san baɗi akwai wata. Da za a ce wanda ya faɗi ba ya sake shiga fili har abada, da ba kokowa za a yi ba, da yaƙi za a yi.

Muna kuma da wasan taubasai. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, su faɗa ma juna magana mai zafi, su ƙare da dariya da goro. Kakanninmu sun san yadda ake ja ba a tsinke igiya ba.

Yadda ake riƙon jam'iyya

Ga abin da nike roƙonka ka riƙe.

Ka shiga don ra'ayi, ba don turmin zane ko jika biyu ba. Wanda ya sayi ƙuri'arka ya biya ka, ba ka da sauran bakin tambaya shekara 5.

Ka tuhumi naka kafin ka tuhumi na wani. Mai son jam'iyyarshi da gaske shi ke ce ma shugabanta: "Nan kun yi kuskure."

Kada ka kai siyasa wuri huɗu: masallaci, maƙabarta, bakin rijiya, da wurin rabon taimako. Yunwa ba ta da launi.

Ka saurari ɗayan gefen. Ran Lahadi, kasuwar Filinge, ka zamna da wanda ba ku tare, ka ji dalilinshi. Ba dole ka yarda ba, amma ka sani.

In labari ya zo maka ta waya, ka tambayi wa ya gani da ido kafin ka tura ma wani.

In kun ci, ku tuna wanda ya faɗi ɗan ƙasa ne, harajinshi na cikin baitulmali. In kun faɗi, ku bi hanyar kotu, ku shirya ma gaba.

Ina muke yanzu?

Ran 26 ga Yuli 2023 soja sunka kifar da gwamnatin Bazum, Janar Abdurahaman Tiani ya karɓi mulki, anka dakatar da aikin jam'iyyu. Bayan taron ƙasa na Fabrairu 2025, a watan Maris na shekarar anka rushe jam'iyyun duka, waɗanda yawansu ya haura 150. Mutane da yawa ba su yi kukansu ba. Sun ce jam'iyyu sun yi yawa, wasu ba su da kowa sai mai su da jakarshi, wasu kuma sun zama kasuwa. Wannan tuhuma ba a share ta da hannu.

Amma tarihin da munka karanta ya nuna muna abu guda. An hana jam'iyya a 1959, an hana a 1974, saɓanin ra'ayi bai mutu ba. Makiyayi da manomi ba za su bar saɓawa bisa burtali ba. Mai saida hatsi na son tsada, mai saye na son araha. Matasa da dattawa ba su ganin duniya da ido guda. Tambayar ita ce: ina za a kai wannan saɓani a warware shi ba da sanda ba? Duk ranar da ƙasa ta zamna shawarar irin ƙungiyoyin siyasar da za a yi nan gaba, kai ma kana da abin faɗi. Kuma yanzu ka fi da ƙarfi, don ka iya karatu. Kana iya karanta alkawali da kanka, ka rubuta shi cikin littafinka, ka ajiye, ranar tambaya ka fiddo shi.

Dattijon nan na ajinmu, da munka ƙare wannan darasi, ya ce zai kai ma ƙanenshi goro ran Juma'a. Ya ce har yanzu bai yarda da ra'ayinshi ba, amma zai je.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Mi ya bambanta adawa da gaba?
2. Faɗi amfanin jam'iyya guda 2 da ka gani da idonka.
3. A wace shekara anka yi babban taron ƙasa? Wa ya jagorance shi?
4. Siyasa ta taɓa raba mutane garinku? Ƙaƙa anka shirya su?
5. Rubuta layi 3 bisa abin da kake so wakilin garinku ya yi.